Karan Awon Ƙafar Muntaka

A Matameye, da zarar kaka ta yi an ɗaure damman gero, hankalin mata sai ya koma kan ƙafafun mazajensu. Maza za su tsallaka Najeriya cin rani, yawancinsu aikin gini, kuma mai kula da shantiye, wato wurin ginin, ba ya barin kowa ya shiga da silifa. Sai takalmin bot, wanda su a can suke ce wa sefti. To, a unguwar su Habsatu matar Muntaka, ba macen da za ta yarda a saya wa mijinta bot in Habsatu ba ta sa masa hannu ba.

Ita kuwa ba 'yar kasuwa ba ce, ƙuli-ƙuli take yi tana tatsar mai. Ba ta yi lakkwal ba, wato makarantar boko, sunayen da ke rubuce a jikin takalman ko ɗaya ba ta iya faɗa. Da hoton jikinsu ta san su, kuma sunan da ta raɗa musu shi ya bi gari. Akwai Mai Giwa, mai ƙarfe a goshi, nauyi kamar an ɗaura maka turmi, amma yana cin rani uku bai buɗe baki ba, in ka dace da na gaske. Akwai Mai Tauraro, abin son samari, sheƙi kamar me, ruwa ɗaya ya taɓa shi sai ka ga tafinsa yana lilo. Wannan in an miƙo mata shi har tsaki take yi. Sai Mai Raƙumi, fata mai laushi, baki mai faɗi, ba ƙarfe. Shi kam ba ta kushe shi, sai dai ta ce, "Wannan na tsofaffi ne da masu lambu, ba na hawa bene da bulo ba."

Sa'adu mai gwanjo ya gaji da mata suna dawo masa da kaya, don haka da kansa yake kinkimo buhu ya zazzage a zauren Habsatu. Yana tsaye yana gumi yana cewa, "Inna, ki duba a hankali don Allah, kada ki kashe min kasuwa." Ko kallonsa ba ta yi. Ta lanƙwasa takalmi, ta sansana, ta bi ɗinkin da farce ta ga ko zare ne ko zanen zare. Sannan ta zura hannu ciki har ƙurya, ta runtse ido tana lalube. Nan ne hukuncin yake. In ta ji tudu, ko kaifin fata, ko kan ƙusa, sai ta wurgar da shi gefe, ko da giwa goma aka zana masa.

Abin ya samo asali tun tana amarya. Shekarar farko Muntaka ya dawo daga Kano yana ɗingishi, faratan manyan yatsunsa duk sun fita, saboda wani takalmi mai ƙyalli da ya saya wa kansa a tasha. Ta gasa masa ƙafa tana hawaye, ta ce daga yau ba shi ba sayen takalmi. Tun daga nan, duk shekara kafin ya tafi, sai ta samo karan gero ta zaunar da shi a kan tabarma, ta ɗora ƙafarsa a cinyarta, ta auna daga diddige zuwa babban yatsa, ta karya karan daidai nan. Da shi ake gwada takalmi, haka sauran mata suka koya.

"Ke Habsatu, ƙafar babban mutum tana ƙara tsawo ne? Ina karan bara?" in ji Muntaka, kowace shekara.

"Awaki sun cinye, Malam. Miƙo ƙafar."

Awaki ba su ci komai ba, karan bara yana nan soke a rufin ɗaki tare da 'yan uwansa. Amma macen da ta haifi 'ya'ya har ta yi jikoki, ta yaya za ta ce wa mijinta da rana tsaka tana so ta riƙe ƙafarsa kafin ya yi nisa? Kunya ba za ta bar ta ba. Shi ma ya sani sarai, shi ya sa bai taɓa janye ƙafar ba.

Bana da hadari ya fara haɗuwa, Muntaka ya dawo daga Abuja lafiya lau, yana ta raha, ya rame kaɗan, sai yawan shan ruwa. Washegari ta ɗauko Mai Giwarsa za ta wanke ta shafa masa man kaɗe kamar yadda ta saba. Ta zura hannu a na hagu, sai wani abu ya soke ta har ta ce wash! Ta zaro yatsa da jini. Ƙusa ce ta shantiye, ta huda tafin takalmin daga ƙasa, tsininta a tsaye a ciki, kewaye da busasshen jini da ya riga ya yi baƙi.

Ta ajiye takalmin ta fita neman Muntaka. Ta same shi a gindin darbejiya yana gyara ƙotar hauya.

"Malam, ɗaga min ƙafar nan in gani."

Ya ɗaga yana dariya. Ga rami nan a tafin ƙafar, bakinsa ya yi fari, ruwa yana tsattsafowa.

"Tun yaushe?"

Ya leƙa. "Wallahi ban sani ba. Ni dai na ga safa tana ɓaci, na ɗauka gumi ne. Ban ji komai ba."

Wannan "ban ji komai ba" ita ta fi ƙusar tayar mata da hankali. Ta ja shi gidan likita a ranar, yana ta cewa abu kaɗan ne. Lokotoro ya ɗebi jini, ya ce ciwon suga ne, ya daɗe, shi ya kashe masa jin ƙafa. Bai ɓoye musu ba: irin wannan rauni in aka yi sake da shi, ƙafar ake yankewa.

Duk daminar nan Habsatu ba ta san daɗin barci ba. Ita ce wanke ciwo, ita ce hana shi shayi mai sukari, ita ce faɗa in ya taka ƙasa ba takalmi. 'Ya'ya suka yi noman. Allah Ya taimaka, kafin gero ya nuna ramin ya cike.

Sai kaka ta zo, maza suka fara ɗaure jaka, Muntaka ya kasa zama wuri ɗaya. Mutumin da tun yana saurayi rani bai taɓa samunsa a gida ba, yanzu a ce ya zauna ƙofar gida yana kallon awaki? Wata safiya ya shigo da karan gero a hannu, shi da kansa ya samo, ya zauna a kan tabarma ya miƙe ƙafa.

"Na warke, Habsatu. Auna. Ki zaɓo min Mai Giwa na gaske, wanda ƙusa ba ta hudawa."

Ta ɗauki ƙafar ta ɗora a cinya. Ta daɗe tana shafa tabon da babban yatsanta, tana kallon fuskarsa, shi kuwa bai ma san tana taɓa wurin ba. Ta auna, ta karya karan, ta fita zaure inda buhun Sa'adu yake. Da ta dawo, abin da ta ajiye a gabansa Mai Raƙumi ne.

Muntaka ya kalli takalmin ya kalle ta. Ya sha jin abin da take faɗa a kan Mai Raƙumi, ba sai an yi masa bayani ba. Ransa ya ɓaci.

"Yanzu ni ne tsohon? Ni za ki mayar mai lambu?"

"Yaya Hashimu yana neman mai tsaya masa a kan rakensa a Dungu, ka je da safe ka dawo da yamma. Malam, Mai Giwa bai yi maka laifi ba. Duk takalmin duniya ƙusa tana iya shiga, sai dai mai shi ya ji zafi ya tsaya ya cire. Kai ƙafarka ta daina ji. Ni zan riƙa ji mata, amma hannuna ba ya kaiwa Abuja." Habsatu ta dafa ƙafarsa. "Tsoro nake ji. Shekara da shekaru ina zaɓar maka takalmi ƙafa biyu, ban san yadda ake zaɓar wari ɗaya ba, kuma ba na so in koya a kanka."

Muntaka ya miƙa hannu ya ɗauki karan. Ya juya shi a hannunsa, ya juya. Can ya miƙe, ya soke shi a rufin ɗaki, daidai inda sauran suke, ashe ya san wurin.

Ranar da motar 'yan cin rani ta tashi zuwa Ɗan Barto da ke kan iyaka, Muntaka ya raka abokansa tasha, ya yi musu addu'a, ya dawo idonsa jajir. Ba ta tambaye shi ba, ta ajiye masa fura ba sukari.

Yanzu kullum da sassafe, kafin ya hau babur zuwa Dungu, yakan zauna bakin ƙofa ba takalmi yana jira. Habsatu ta ɗauki na dama ta zura hannu ta runtse ido, ta ɗauki na hagu. Jiya ta zaro wata 'yar tsakuwa da ba ta kai ƙwayar wake ba, ta nuna masa a tafin hannunta, ta jefar. Sannan ya miƙo ƙafa ta sa masa.