Ranar da Na'ura ta Ce Dutse Ya Matsa

Shekarun baya, 'yan shekaru kaɗan bayan yaƙin basasa, ina saurayi mai jini a jika, aka turo ni Birnin Gwari aikin safiyo. Aikinmu shata iyakar gandun daji ta wajen Dogon Dawa, don a san inda gonakin mutane suka tsaya da inda dajin gwamnati ya fara. Kayan aikinmu sarƙar awo ce, da madubi mai ƙafa uku, da adda. Mu sare hanya, mu ja sarƙa, mu kafa turken siminti, ni kuma in rubuta lambobi a littafina.

A nan na samu abokina, wani manomi Gbagyi da yake riƙe mini bakin sarƙa. Ranar da muka kafa turken ƙarshe ya nuna wani fili a gefen da ba na gandu ba, ya ce, "Safiyo, nan fa? In na sare ba za a kore ni ba?" Na buga ƙirji na ce, "Noma abinka. In aka kore ka, ka zo ka kama ni." Ya sare, ya yi kunyoyin doya, ya dasa mangwaro, har mahaifinsa a nan ya binne.

Bayan wajen shekara talatin, na yi fansho ina zaune a gari, sai ga abokina da safe a ƙofar gidana, ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba. Ya ce, "To, na zo kama ka."

Ashe an turo wani matashin ma'aikaci ya sake duba iyakar da na'urar GPS, kuma na'urar ta ce turakunmu duk sun kauce da wajen taku ɗari. Gonar abokina, da mangwaron, da kabarin mahaifinsa, duk sun faɗa cikin gandu. An ba shi zuwa bayan girbi ya tashi.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na zaro tsohon littafina daga ƙasan akwati, gara ta ɗan taɓa bangonsa, muka hau mota sai Dogon Dawa.

Matashin mai ladabi ne, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya nuna mini abar a tafin hannunsa, kamar ƙaramar rediyo. Ya ce, "Baba, taurarin ɗan'adam ne can sama, nisan wajen kilomita dubu ashirin, kowane yana zagaye duniya sau biyu a rana. In ta kama huɗu daga cikinsu, za ta faɗa maka inda kake tsaye. Sarƙa kuwa tana miƙewa, mutum yana gajiya."

Na ce, "Ɗana, taurarin nan naka sun taɓa taka ƙaya a dajin nan?" Ya yi dariya. Ni ma na san ba hujja na kawo ba, borin kunya ne kawai. Gaskiya a cikina tsoro nake ji, don in ni na yi kuskure, to ni na sa mutum ya zuba ƙarfinsa na shekara talatin a ƙasar da ba tasa ba.

Muka bi turaku biyar ɗaya bayan ɗaya. A kowane, sai na sa abokina ya taka daga turken zuwa inda na'urar ta ce ya kamata ya kasance. Taku ɗari ne ko kusa da haka, kuma kullum gefe guda. Nan hankalina ya fara dawowa. Na yi kuskure a rayuwata ba adadi, amma kuskuren mai jan sarƙa ba ya zuwa daidai wa daida. Wani wuri ya ƙaru, wani wuri ya ragu.

Na ce da matashin, "Akwai ginshiƙin da Turawa suka kafa bisa wancan dutsen, mai ƙarfen tagulla a kansa. Daga shi muka fara awonmu, kuma lambarsa tana cikin takardunku. Mu je ka ɗora abarka a kai."

Ya dubi dutsen, ya dubi gwiwoyina, ya ce, "Baba, ka bari in je ni kaɗai mana."

Na ce, "Ƙafata ƙafarka."

Hawan da na taɓa yi da madubi a kafaɗa ina fito, ranar sai da na zauna sau huɗu. A na uku abokina ya ce, "Safiyo, kar ka mutu mini a nan, in rasa gona in rasa mai shaida." Na ce ya rufe mini baki ya miƙo hannu. Haka muka kai, yana ja ina haki.

Matashin ya ɗora na'urar bisa tagullar, muka jira ta kama taurarinta. Ya duba lambar, ya duba takarda, ya sake dubawa.

Abokina ya ce, "Me ta ce?"

Matashin ya ce, "Ta ce shi ma ginshiƙin ya matsa taku ɗari."

Abokina ya dafa dutsen da tafin hannu, ya ce, "Wannan? Tun kakana yana nan."

Matashin ya zauna yana latse-latse, can sai ya dafe kai. Ya ce na'urar tana lissafi ne da ma'aunin duniya da aka saita ta da shi tun daga inda aka ƙera ta, tsofaffin taswirorinmu kuwa da ma'aunin ƙasarmu, wanda ake kira na Minna, aka zana su, kuma ya manta bai sauya ba. Ya sauya. Lambar ta faɗo kusan daidai da abin da ke littafina. Ya ce, "Baba, ka yafe ni." Na ce, "Ba ni za ka roƙa ba." Ya juya ya durƙusa wa abokina, kuma a satin ya gyara rahotonsa.

Har yau ba na raina na'urar nan. Jikata ta sa mini irinta a waya, kuma ta fi ni sanin lungunan Kaduna. Taurarin ba su yi ƙarya ba, sarƙata ma ba ta yi ba. Abin da na koya shi ne, kafin ka ce awon wani ya karkace, ka tambaye shi daga ina ya fara.

Abokina ya rasu shekarun baya, an binne shi kusa da mahaifinsa, ƙarƙashin mangwaron. Na je na tsaya a bakin kabarin, na dubi turkena yana nan inda na kafa shi, taku kaɗan daga kansa. Na ce masa noma abinka, kuma ba a kore shi ba.