Shekarar da Kaka Ta Kai Ni Musaya Jidda

Maƙwabciyata, wata malamar lekol, wato makarantar boko, ƴar wajen Gaya, takan soya busasshen kifi da tafarnuwa ranar da ba ta da aiki. In ƙamshin ya tsallako katanga, yarana sukan ce ya tayar musu da yunwa. Ni kuwa tsohon tunani yake tayar mini, domin ƙamshin nan ne ya tarbe mu a ƙofar gidan baffana a Jidda, shekarar da kaka ta tafi da ni.

Kaka, uwar mahaifina, ita ta raine ni. Mahaifina ya rasu ina goye, mahaifiyata ta sake aure a Takanamat, aka bar ni Tawa a ɗakin tsohuwa. Tabarmarmu ɗaya, ƙwaryar furarmu ɗaya. Da damina mukan koma gonarta ta hanyar Afala, tana gaba da hauya a kafaɗa, ina biye ina tsallake jajayen duwatsu.

Ɗa namiji ɗaya ya rage mata, shi ne baffana. Ka san mutanen Adar da tafiya. Ana gama girbi gari ya zama na mata da tsofaffi, maza sun yi Abijan, sun yi Libiya, sai ruwan shuka ya dawo da su. Baffa ya tafi bai dawo ba. Ya samu aikin direba a wani asibiti a Jidda, can ya auri wata mai jinya ƴar ƙasar Filifin, suka haifi namiji da mace. Ranar da hotonsu ya iso, kaka ta duba sau ɗaya ta kife shi ƙarƙashin jeren kwanoninta.

"Ɗiyan Adar sun ƙare ne?" Abin da ta ce ke nan.

Da ya aiko ta zo umara, ta ce ba ta taka jirgi sai da ni. Na yi ta fankama a unguwa. Ta haɗa mini kaya kaf, har da tsofaffin zannuwan da na daina ɗaurawa. A tashar kar, babbar motar da za ta kai mu Yamai, gwaggona ta rungume ni tana kuka kamar an yi mutuwa. Na ɗauka son bin mu take yi.

Gidan baffa a saman bene yake, ɗakuna ƙanana, babu tsakar gida, babu inda za ka ga sama. Matarsa ta fito da mayafi, gajeriya, tana murmushi. A bayanta akwai mahaifiyarta, wata tsohuwa ƴar firit mai farin gashi, wadda yaran suke kira Lola, wato kaka a harshensu. Yaron, wanda na girma da kaɗan, ya matso ya kama hannun kaka zai ɗora a goshinsa. Daga baya na ji haka suke gaida manya. Kaka ta fizge hannunta.

"Mi yaka nema ga hannuna? Ba a koya mai durƙuso ba?"

Yaron ya koma bayan uwarsa. Lola ta ƙura wa kaka ido, kaka ta ƙura mata. Daga nan aka ja daga.

Kaka ba ta ci abincin gidan ba ko sau ɗaya. Ta zo da garin tuwonta, kukarta, daddawarta da cuku, ta samu wata tukunya ta keɓe, tana tuƙa mana tuwo a lungun madafa. In Lola ta soya kifinta, kaka ta toshe hanci da bakin zane. In kaka ta jefa daddawa a miya, Lola ta buɗe tagogi duka tana fifita da faranti. Kaka ta zo da shirin cewa ba sa salla, sai ta tarar tsohuwar tana riga ta shimfiɗa darduma. Wannan ma bai sanyaya ta ba, cewa ta yi sujadarta ta yi sauri.

Baffa ne a tsakiya. Da matarsa Larabci suke yi, da kaka Hausa. In kaka ta zuba magana mai tsawo mai ɗaci, sai ya juya ya faɗi kalma biyu yana murmushi.

"Maganata ta hi haka tsawo," in ji kaka. "Hwaɗa mata abin da nic ce."

Ni ma ban ragar wa yaran ba, su ma ba su raga mini ba. Ƙaramar takan shafa fatar hannuna ta duba yatsanta. Yaron yakan kwaikwayi yadda nake cin tuwo. Ni kuma in na ga ba kowa sai in murɗe masa kunne. Amma na lura kaka tana satar kallonsa. Goshinsa da tafiyarsa na mahaifina ne, haka ta gaya mini wata rana tana ɗaure mini kallabi, muryarta ƙasa-ƙasa.

Bayan mun yi umara mun dawo, ranar wata Juma'a da aka gama cin abincin rana, kaka ta ce kowa ya zauna. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙunshin kayana ta dire gaban matar baffa. Sannan ta kama kafaɗata ta tura ni gaba.

"Ga ta nan. Ta iya daka, ta iya wanki, ba ta da ƙiwuya. Ku riƙe ta. Ni kau in tahi da namijin ga, shi tashi gidan ubanai, shi san gonarmu."

Baffa bai fassara ba. Ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Amma ba a buƙaci fassara ba, domin kaka tana magana tana nuna ni, tana nuna yaron. Lola ta miƙe ta jawo shi ta matse a ƙirjinta, ta shiga zuba faɗa da harshenta, jijiyar wuyanta a tashe. Kaka ta mayar mata da Hausa. Tsofaffi biyu suna zagin juna, babu mai jin ta wani.

Matar baffa kuwa ni take kallo. Sai ta yi magana da ƴar Hausar da ta tsinta wurin mijinta, kalma ɗaya-ɗaya.

"Yarinya, ta sani?"

"Ba a shawara da ɗiya," in ji kaka.

Ban sani ba. A tsaye a wurin nan na gane dalilin tsofaffin zannuwa da kukan gwaggo.

Baffa ya ɗago. "Inna, ki gahwarce ni. Ba ni iya ba ki shi."

"Ashe ka zama nasu," ta ce. Ta sunkuya ta ɗauki ƙunshin ta ɗora mini a kai. Har muka bar ƙasar ba ta ƙara yi masa magana ba. A filin jirgi ya durƙusa gabanta, ta kewaye shi ta wuce.

Mun iso Tawa ana tsakiyar zafi, iska kamar daga bakin murhu. Na naɗe bargona na koma ɗakin gwaggo. Kaka ba ta hana ni ba. Sau ɗaya ta taɓo zancen, muna sussukar gero bayan damina, ba tare da ta dube ni ba.

"Abin da yah hi min daraja nik kai musu, sunka ƙi."

Na san gaskiyarta ta faɗa. Riƙo ba sabon abu ba ne a wurinmu, ita ma gwaggonta ta riƙe ta. Amma abin da yarinya ta ji daban ne: wadda nake kwana a bayanta ta miƙa ni, waɗanda aka miƙa wa kuma sun ƙi karɓa. Na ci gaba da yi mata aike, na yi jinyarta har ta cika, amma ban sake kwana a tabarmarta ba. Baffa bai zo ta'aziyya ba, ta waya ya yi kuka.

Shi ma ya rasu yanzu, iyalinsa sun koma Filifin. Yaron nan ya zama magidanci. Duk salla yakan turo hoton ƴaƴansa a waya, in tura masa na nawa, iyakar zumuncinmu ke nan.

Bara ƙanwar mijina da ke Yamai ta nemi a ba ta babbar ɗiyata ta yi karatu a wurinta. Manya suka zauna suka gama magana. Na kira yarinyar gaban kowa na tambaye ta ko tana so. Surukata ta ɓata rai, ta ce yaushe aka fara wannan. Na yi zaton ɗiyar za ta ce a'a, har na shirya yadda zan tsaya mata. Ta dubi ƙasa, ta ce tana so. Ni na haɗa mata kaya da hannuna, na raka ta tasha, na tsaya har kar ɗin ya sha kwana.