Simintin da Na Shafa wa Gidan Likita

A shekarun da gwamnatin Ingila ta tsuke bakin aljihu, ina cikin waɗanda council, wato ƙaramar hukuma, ta sallama daga aikin gyaran gidajenta a unguwar Ardwick ta Manchester. Bokona bai yi nisa ba, amma hannuna ya san gini tun ina Kano. Sai na koma bin gidajen mutanenmu na Manchester, yau famfo, gobe rufi. Sunana na kirki shi ne jarina.

Wani likita ɗan garinmu ya sayi tsohon gidan dutse a wani ƙaramin ƙauye bayan gari. Da zai tafi Umara ya ba ni makulli, ya ce yoyon kicin kawai zan duba. Ina ganin bangon gaba raina ya ɓaci, dutse tsirara, duk gansakuka. A wurinmu bangon da ba a yi wa yaɓe ba, ai mai gidan aka zaga. Na ce babban mutum ba zai dawo wannan kango ba. Na kwaɓa siminti na shafe shi tas, na bi da farin fenti.

Ina cikin aikin wata tsohuwa maƙwabciya ta leƙo, ta ce gidan yana cikin na tarihi da hukuma ta kare, a ƙauyen nan ko taga ba a canzawa sai da izini. Na ce mata ta je ta ji da nata ruɓaɓɓen. A raina na ce baƙin ciki take, baƙar fata ya shigo layinsu. Duk da haka na buga wa council waya sau biyu, ba wanda ya ɗauka, ma'aikatanta ma an kore su kamar ni. Amma ranar kawo takardar laifi, sai ga ma'aikaci ya samu!

Ya ce siminti yana kulle danshi a cikin dutse ya cinye shi, dole a ɓamɓare da hannu, in ba haka ba Likita ya tsaya gaban kotu. Na yi ta sassaƙa cikin sanyi, fuskar dutsen tana biyo simintin. Har shekarar ginin da aka zana a saman ƙofa ta zube gari a ƙafata. Da Likita ya dawo, bai ɗaga murya ba. Ya tambaye ni wa ya aike ni, ya karɓi makullinsa. Yanzu in an sauko daga Juma'a a unguwar Rusholme, Mai Yaɓe mutanenmu suke kirana, suna tambaya ko na gama gyara wa Turawa tarihinsu. Ko famfo ba mai kirana.

Har yau ina jin haushin council, amma wallahi ba su suka riƙe min cokalin gini ba. Tsohuwar nan gaskiya ta faɗa min, na ɗauke ta maƙiyiya. 'Yan'uwana masu aikin hannu, abin da aka sa ku shi za ku yi. In kun ga tsohon bango a ƙasar nan, ku tambaya kafin ku taɓa. Siminti ya ɓamɓaru, sunana bai dawo ba.