Babur ɗin da Kawu Zai Iya Ɗagawa

Ana idar da sallar asuba muka bar gida, ni da maƙwabcina, za mu umra. Kano ba ta gama farkawa ba, sai masu shayi da ke hura wuta a bakin titi. A filin jirgi rabin mazan sun riga sun ɗaura harami, ni ma na bi sahu, don ba ni da niyyar kokawa da zane a banɗakin jirgi da wannan jikin nawa. Waɗanda suka san ni sun san ba ƙaramin wuri nake ci ba. A jakata akwai kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, saƙon mahaifiyata zuwa ga ƙannenta biyu da ke Makka. Kakanmu ya tafi aikin hajji tana goye, ya zauna can, ya yi aure, ya haifi maza biyu. Sau ɗaya ta taɓa ganinsu ido da ido, shekarar da ta sauke farali. Sauran zumuncin duk a waya ake yi.

Mun sauka Jidda bayan azahar, iska mai ɗumi da danshi ta tarbe mu tun daga ƙofar jirgi. Muka ɗauki tasi zuwa Makka. Hanyar shimfiɗe take, ba rami ko ɗaya, duwatsu baƙaƙe tsirara hagu da dama. Maƙwabcina ya yi ta duba gefen titi ko zai ga mai sayar da rake, bai gani ba. Da muka shiga Harami na ɗaga kai na ga Ɗakin Allah, duk addu'o'in da na haddace a jirgi suka gudu, sai hawaye. Ba na jin kunyar faɗa. Muka yi ɗawafi da sa'ayi, aka yi mana ƙwal-kwabo a riyal goma. Maƙwabcina ya mai da kuɗin naira a ransa, ya ce da ya sani da ya taho da rezarsa.

A rana ta uku Kawu Ƙarami ya zo masauki ya ɗauke ni. Gajere ne, ya kusa sittin, gemunsa ya yi fari, bai daɗe da ajiye aikin ofis ba. Hausarsa ta Kano ce ta zamanin da, Larabci na tsoma baki a kowace jimla. Gidansu na Utaibiyya, unguwa mai cunkoso, benaye sun jingina da juna, wayoyin lantarki sun yi saƙa a sama. Mota ba ta isa ƙofar gidan. A ƙasa ake ajiye ta, a hau wani lungu mai tudu da ƙafa, a tsakiyar hawan kuma akwai wata muguwar kwana daidai matakalar wani ƙaramin masallaci. Sau biyu na tsaya ina haki. Ku riƙe wannan kwanar a ranku, za mu dawo kanta.

A sama muka tarar da Kawu Babba zaune bakin taga. Shekara talatin yana gyaran babura a Hindawiyya kafin ciwon suga ya tafi da idanunsa, daga baya kuma hannunsa na hagu ya yi rauni. Ya shafa fuskata, ya ce kumatun yayarsa ne sak, sannan ya daɗe yana shinshina ƙullin daddawar. Aka kawo ful, wato dafaffen wake, da tamis, burodinsu mai zafi, da yamma kuma aka aiko da tsire, wanda a can suke kira siriya, har Larabawa na layi a kansa. Muna ci wani babur ya wuce ta ƙasa. Kawu Babba ya karkata kunne ya ce sarƙarsa ta saki. Matar Kawu Ƙarami ta gaya mini haka yake yini tun da ya daina gani, daga masallacin Juma'a sai asibiti, sauran lokacin yana bakin taga yana duba lafiyar baburan mutane da kunne.

A nan na gane na faɗo tsakiyar rigima. Kawu Ƙarami zai sayi babur, dabbab kamar yadda suke cewa, irin dogayen nan masu ƙasa-ƙasa da ake zama a kansu kamar a kujerar falo, na tafiya mai nisa. Ya ga guda biyu na hannu a wani gareji. Ɗaya matsakaici, ɗaya kuwa ƙato, injinsa ya ninka na farkon, ga akwatuna a gefe, ga kujerar baya mai majingina har da wurin ɗora hannu. Shi ƙaton yake so. Wansa ya ce tsufa ne ya zo masa da ƙuruciya, yana so 'yan unguwa su riƙa leƙowa ta taga. Wata biyu suna wannan jayayya. Ni da aka tambaye ni na ce a sayi keke mai ƙafa uku, don tun ranar da ɗan acaɓa ya zubar da ni a kwata a Kano na yi sallama da duk abin da ke tafiya da ƙafa biyu in ba mutum ba.

Washegari da safe muka tafi Hindawiyya mu uku a tasi. Tsohuwar unguwa ce, shaguna manne da juna, masu tasi na ta hon, ana jin Hausa a kowace kusurwa, ta Sakkwato da ta Damagaram da tamu. Mai garejin dattijo ne mai furfura, a hannun Kawu Babba ya koyi aiki. Yana ganinsa ya jefar da sifana, ya sumbaci kansa, ya jawo masa kujera. Ga baburan nan biyu an goge su suna sheƙi. Gaskiya ƙaton ya haɗu. Baƙi ne wuluk, da aka tayar da shi sai da na ji ƙarar a cikin cikina. Mai garejin ya yi bayani ba son kai. Ya ce babban ya fi daɗi a doguwar hanya, ba ya rawa in babbar mota ta wuce, kuma zai hau dutsen Ɗa'ifa da mutum biyu ba tare da ya yi nishi ba. Matsakaicin ya fi sauƙin juyawa a lungu, ya fi shan mai kaɗan, amma kujerar bayansa 'yar falle ce, ba abin jingina.

Kawu Ƙarami ya hau babban. Na lura da yatsun ƙafarsa kawai yake taɓa ƙasa. Kawu Babba bai ga wannan ba, bai kuma buƙaci gani ba. Ya ce da mai garejin, “Yalla, shimfiɗa katifar.”

Ashe wata ƙa'ida ce da ya kafa tun yana da shago. Duk wanda ya zo sayen babur a wurinsa, sai an kwantar da babur ɗin a kan tsohuwar katifa, mai saye ya ɗaga shi shi kaɗai. In ya kasa, ba ciniki, ko nawa zai biya. Mai garejin har yau yana da katifar, ta yi baƙi da mai. Kawu Babba ya juyo wajena ya ce, “Ɗana, kowa gudu yake tambaya. Ni abin da nake tambaya, ranar da ya faɗi a hanya ba kowa, wa zai ɗaga?”

Mutum uku suka kwantar da ƙaton a hankali. Ya fi buhun shinkafa bakwai nauyi. Kawu Ƙarami ya naɗe jallabiyarsa a ƙugu, ya juya wa babur ɗin baya, ya kama kan da hannu ɗaya, ƙarfen baya da ɗaya, ya tura da ƙafafu kamar yadda aka koya masa tun yana yaro. Babur ɗin ya ɗago kaɗan ya koma. Ya sake, jijiyoyin wuyansa suka tashi, takalminsa ya zame. A karo na uku na ga hannunsa ya tafi bayansa, ya durƙusa a gefen katifar yana numfashi. Na taso zan taimaka, mai garejin ya girgiza mini kai. Aka kwantar da matsakaicin, ya tashe shi a yunƙuri na biyu, ya zauna a kai, tafin ƙafarsa duka biyu a ƙasa.

“Halas,” in ji Kawu Babba. “Magana ta ƙare. Burga kuma sai a bar wa yara.”

A nan ne Kawu Ƙarami ya fashe. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar. “Wace burga, Yaya? Ni na ce maka ina son a kalle ni? Kujerar bayan nake so. Da wane hannu za ka riƙe ni a kan wannan 'yar fallen? Shekara shida kana jin na mutane ta taga. Wallahi don kai ne, tun farko don kai ne.”

Ni dai na sunkuyar da kai ina kallon katifa, tausayinsu su biyun ya cika ni. Wata biyu ɗaya yana ɓoye dalilinsa don kada ya tuna wa wansa rashin lafiyarsa, ɗayan kuma yana ta zolaya don tsoron kada ƙaninsa ya karye a banza. Kawu Babba ya miƙe, ya lalubo matsakaicin, ya bi shi da hannun dama daga tanki har bayan kujera. Ya auna da yatsu, ya ƙwanƙwasa wani ƙarfe, ya sake aunawa. Sai ya fara ba da umarni, rabi Hausa rabi Larabci: a nan za a kafa majingina, tsawonta kaza, a fito da wurin ɗora hannu ta hagu a naɗe shi da soso, a ƙara faɗin kujerar, kada mai walda ya taɓa jikin babur ɗin, a ɗaure da kusoshi. Mai garejin yana ta “tayyib, ya mu'allim,” wato “to, malam,” yana rubutawa a bayan kwali. Daga baya ya gaya mini rabon da ya ji wannan muryar tun kafin a rufe tsohon shagon.

Kwana huɗu aikin ya ɗauka. Ni kuma na koma ibadata, na kai maƙwabcina kasuwa ya sayi dabino da turare yana ta ƙorafin tsada. Ranar da aka gama, aka ce sai an gwada majinginar da kaya mai nauyi kafin a ɗora mara lafiya. Duk aka juyo ana kallona. Jama'a, na hau. An zagaya da ni bayan garejin sau biyu, na karanta duk abin da na sani, na sauko. Kawu Babba ya ce tunda ta ɗauke ni, za ta ɗauki kowa a Makka.

Ana gobe zan taho, bayan rana ta fito, suka fita su biyu, kowa da hular kwano, ni da mai garejin muna bin su a mota. Muzdalifa suka nufa. Wanda ya san wurin a lokacin hajji ba zai gane shi ba. Ba motocin alhazai, ba taro, sai tituna masu faɗi da fitilu a jere da duwatsu. A nan Kawu Babba ya koya wa ƙaninsa tuƙi shekaru arba'in da suka wuce. Yau kuwa, da farko ya ƙanƙame ƙarfen da hannunsa mai lafiya. Can sai na ga ya jingina, ya ɗaga gilashin hular, ya ba iska fuskarsa. Na zuge gilashin mota na ɗauki sautinsu a waya. Ana jin injin, ana jin shi yana ihu, “Sa giya ta huɗu mana, kana kashe shi!” sannan dariya.

A dawowa ne abin ya faru. Sun shiga lungun Utaibiyya, ni ina biye da ƙafa ina haki, suna isa kwanar masallacin nan sai ga wata mata ta fito da kwandon kaya. Kawu Ƙarami ya taka birki, injin ya mutu, babur ɗin ya karkata hagu, ɓangaren hannun da ba ya aiki. Sai na ga ƙafafunsa biyu sun dira a ƙasa daram, ya ciji leɓe, ya riƙe, ya mai da shi tsaye. Da ƙaton ne, da su biyun suna kan matakalar masallaci. Kawu Babba ko gezau bai yi ba. Ya ce, “Ka saki kuloci da wuri,” ya ci gaba da labarin da yake bayarwa.

Mun sauka Kano da la'asar, maƙwabcina da jarkar zamzam a kafaɗa, ni da kaina a cike. Na tafi neman lada, ina fatan an karɓa, na kuma dawo da wani abu da ban je nema ba. Na ga yadda mutum zai so ɗan'uwansa har ya nemi ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsa, ya kuma yi shiru da dalilinsa har a yi masa mummunar fahimta. Tun daga ranar na fara tambayar kaina, a cikin abubuwan da nake ɗora wa kaina don iyalina, wanne zan iya ɗagawa in ya faɗi, kuma wanne ya kamata in buɗe baki in faɗa musu.

Na je gaida mahaifiyata na ba ta tsarabarta. Ta tura dabinon gefe ta ce in ba ta labarin ƙannenta. Maimakon labari na kunna mata sautin nan. Ta yamutsa fuska, ta ce wannan wace irin ƙara ce. Sai dariyar ta fito daga bayan injin. Ta karɓe wayar daga hannuna ta manna a kunne. Ta ce rabonta da jin wannan dariyar tun Kawu Babba yana gani. Ta goge ido da bakin mayafi, ta ce, “Sake kunna min.”