Mero Tela da Matan Bangon Falonta

Mero 'yar Yawuri ce, a bakin kogi ta tashi, kuma tun tana shekara goma sha biyu take taka keken ɗinkin kakarta. Mijinta Sha'aban ta biyo zuwa Birmingham lokacin da ya samu scholarship na karatun digiri na uku a kan ruwan sha. An ce shekara uku za su yi. Yau shekararsu ashirin da ɗaya. Shi ya samu aiki, ita kuma ta kafa kekenta a kusurwar falo, ta zama telar da matan Hausawa daga Sparkbrook har Balsall Heath suke kai wa atamfa idan Sallah ta matso. Gajeruwa ce mai saurin magana, kullum da allura soke a bakin mayafinta. Ba ta iya ganin riga a karkace ta yi shiru, ko da a jikin likitanta ne.

Shekara huɗu da suka wuce suka koma wani flat a bayan Stratford Road. Komai nasa ya yi, sai abu ɗaya: wani ƙaton zane a bangon falo, cikin gilashi, an ɗaure shi da kusoshi huɗu. Mai gidan, wani dattijon Bature mai suna Ethan, ya ce na marigayiya mahaifiyarsa ne, a canza komai a gidan amma ban da shi.

Daga nesa zanen ba shi da laifi. Manyan itatuwa ne da duwatsu, da wani rusasshen gini a kan tudu, sama kuma ta yi ruwan zuma kamar bayan la'asar. Sai mutum ya matso zai ga ɗan tafki a ƙasa, da mata shida suna wanka, kowacce tsawon tafin hannu, babu ko zare a jikinsu. A gefe ga wani saurayi da karnukansa ya saki baki, ƙaho biyu sun fara tsiro masa a ka.

"Baban Inaya, zo ka ga abin da muka yi signing a kai," in ji Mero.

Sha'aban ya sa tabarau, ya duba, ya yi sauri ya cire tabarau. "A rufe shi da zani."

Aka rufe. Amma zanin ba ya zama. Da an buɗe ƙofa iska ta shigo sai ya zame. Ran nan Malama Ramlat, mai koyar da matan unguwa karatun Alƙur'ani ranar Asabar, ta zo awon riga. Tana tsaye da hannuwa a buɗe, Mero na auna ta, sai zanin ya sulale ƙasa. Mero ta ji kamar ta nutse. Malama ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Maman Inaya, ke da kike tufatar da duk Birmingham, waɗannan bayin Allah a gidanki suke haka?"

Washegari Mero ta zazzage buhun ƙyallayenta. Ta auna kowacce mata da tef a kan gilashin, ta yanka zani da riga da ɗankwali, ta manna da ɗanƙon nan shuɗi da ake liƙa takarda a bango. Ta tsakiyar, mai ɗan jinjirin wata a goshi, ita ta samu leshi, don Mero ta ce daga tsayuwarta ka san ita ce uwar biki. Ta raɗa mata Hajiya Babba. Wadda ta durƙusa a bakin ruwa ta fi ba ta wahala, sai da ta yanka mata zani sau huɗu.

Kafin wata biyu masu kawo ɗinki sun daina nuna mata hotuna a waya. Sai su tsaya gaban bango su ce, "Irin wuyan waccan ta kan dutse nake so." Mero ta shiga canza musu kaya duk Sallah. Da sanyi ya shigo ta ƙara musu rigunan ulu, domin ta ce ba za ta kunna heater ta zauna tana kallon mutane a ruwa da atamfa ba.

'Yarta Inaya tana jami'a a Manchester, tana zaune a Hulme da ƙawayenta, tarihin zane-zane take karanta. Mero kan ce wa mutane "tana karatun zane" ta bar su su ɗauka zanen gidaje ne. Da Inaya ta zo hutu ta ga bangon, dariya ta yi har ta zauna a ƙasa. Sannan ta yi wa uwarta bayani cikin Hausarta mai rabin Turanci. Wannan kwafi ne, na ainihin an zana shi a ƙarni na sha takwas, fiye da shekara ɗari biyu da hamsin ke nan. Labarin kuwa na mutanen Girka ne na dā. Mai wata a goshi abar bautarsu ce ta farauta.

"Astagfirullah," in ji Mero. "Kuma na ba ta leshina mai tsada."

"Shi kuma maharbi ne, ya faɗo musu suna wanka. Sai mai watan ta watsa masa ruwa ya zama barewa, karnukansa suka cinye shi."

Mero ta ajiye almakashi. Ta matsa kusa ta sake duban Hajiya Babba. "To, ta riƙe leshin."

"Mummy, it was an accident fa. Bai san suna wurin ba."

"Mata shida a ruwa bai ji su ba? Inaya, mata biyu ma a bakin kogi ana jin su daga kasuwa."

Inaya ta ɗauki hoton bangon ta nuna wa malamarta, Dokta Clara. Aka yi sa'a an kawo zanen na ainihi aro a wani gidan nuna zane-zane a Manchester, Clara kuwa za ta kai ɗalibanta. Ta roƙa a zo mata da Mero. Mero ta ce ita ba ta da abin faɗa wa 'yan jami'a, amma ta ɗinka sabuwar riga ta hau jirgin ƙasa.

A ƙofar gidan mai gadi ya buɗe jakarta. Ya fito da almakashi, da allurai, da ƙyallaye shida a yanke, da curin ɗanƙo. Inaya ta rufe fuska.

"Ba taɓa su zan yi ba," in ji Mero. "Na dai zo da shi ko za a buƙata."

Aka ajiye jakar a ƙasa, suka hau sama. Abu na farko da Mero ta lura shi ne nata na gida ya fi wannan girma, ta kuma faɗa da ƙarfi. Wani ɗalibi mai littafi a hannu ya tambaye ta, cikin dogon Turanci, ko aikinta bore ne ga yadda maza masu zane suke kallon jikin mace. Mero ta saurara har ya gama, ta ce sanyi take ji musu, kuma malamar Islamiyya tana shigo mata gida.

Clara ta ce ta faɗi abin da take gani. Mero ta gyara mayafi.

"Mai zanen nan bai taɓa sanin wankan mata ba. Mata shida su tafi ruwa, babu wadda ta ɗauko wanki, babu tulu, babu sabulu? A garinmu mata suna da wurinsu a kogi. Tsohuwa ɗaya tana zama a kan dutse tana tsaro. Namiji idan zai wuce a jirgi, tun daga nesa yake buga filafili yana tari. Waɗannan ba su ajiye kowa ba, shi kuma bai yi tari ba. Dole a yi ƙaho."

Ɗalibai suka rubuta. Sai idon Mero ya faɗa kan wani jan yadi da aka rataye a reshen itace a cikin zanen. A nata kwafin jan tabo ne kawai. A nan kuwa ana ganin nauyinsa, da yadda ya karye a kan reshen, da inda haske ya bi bakinsa. Ta ce wannan dai ya san yadi, ko ba tela ba ne ya zauna da tela. Shekara biyu tana tare da zanen amma matan kawai take kallo, sai ranar ta kalli ruwan. Hasken da ke kansa irin wanda take gani ne idan suna dawowa daga wanki da mahaifiyarta, rana ta yi sanyi, kaya jiƙaƙƙu a ka. Inaya ta taɓa hannunta, Mero ta ce a ba ta minti biyar. Ta yi kusan ashirin.

Bayan sati biyu Ethan ya zo duba boiler, na'urar ɗumama ruwa, Mero ta manta ba ta tuɓe wa matan kaya ba. Ya tsaya gaban bangon da akwatin aikinsa, sai dariya ta kama shi har sai da aka ba shi ruwa. Ya ce mahaifiyarsa ma shekara arba'in tana ajiye doguwar tukunyar fure a daidai gaban matan. Mahaifinsa ne ya sayo zanen, wai itatuwan ne suka burge shi.

"Itatuwa," in ji Mero. "Haka ya ce mata?"

Har yanzu suna flat ɗin, kekenta na kusurwa. Bara Sha'aban ya roƙi arziki a madadin maharbin, ya ce namiji ne ɗan'uwansa, a yi masa ko hula ce a rufa masa asiri. Mero ta gwada sau uku, ƙahon ya hana hular zama. Sai ta bar shi haka, ta jawo kujerar da maza suke zama suna jiran matansu a gama awo, ta ajiye ta daidai inda za su riƙa kallonsa.