Injin da ba ya tari

Shekarun baya, ina da injin niƙa a ƙauyenmu, can wajen Bagwai. Tsohon inji ne mai shan gas. In na tayar da shi da safe sai ya yi tari uku, ya turnuƙe sama da hayaƙi har shirwa ta sauya hanya. Ni kuwa ina komawa gida baƙi ƙirin, uwargida sai ta ji muryata take yarda ni ne.

Ƙanina da ya yi boko a birni shi ya kawo maganar. "Yaya, hayaƙin nan yana cutar da kai, yana cutar da gari. Ka koma sola. Rana ba ta ƙara farashi, kuma yanzu masu kula da muhalli su kasuwa take bi."

Ban fahimci rabin zancen ba, amma ranar da ba ta ƙara farashi ta shige ni. Na sayar da shanun nomana biyu, aka jera farantan zuƙo hasken rana a saman rumfa, aka kawo sabon inji. Gari mai laushi, babu warin gas, ƙarar injin kuwa ko akuyar da ke bayan rumfa ba ta tasarwa.

Sai mutane suka ɗauke ƙafa.

Mako guda ina zaune cikin farar riga ina korar ƙuda. Na rage kuɗin niƙa, shiru. Na ɗanɗana garin da kaina ko rana tana ƙona shi. Na zargi mai injin ƙauyen gaba da yi mini asiri, har na daina amsa sallamarsa da kyau, bawan Allah. Ga damina tana matsowa, babu shanu, babu ciniki. Na kira ƙanina, ya ce, "Yaya, a takarda dai lissafin daidai yake."

Mahaifiyata ce ta tare ni da na shiga gaishe ta. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana.

"Kai wannan, yaushe za a gyara injin naka? Dawata ta kwana uku a ƙwarya."

"Inna, lafiyarsa ƙalau. Kullum yana aiki."

"Yana aiki a ina? Ni ban ji shi ba."

Ashe nan gizo ke saƙa. Gidajenmu a warwatse suke cikin gonaki, matan kuma suna cikin kulle. Ba wadda ke aiko da niƙa sai ta jiyo bugun injin ta saman katanga. Da suka ji shiru, suka ce ya mutu, har da masu yi mini jaje a zuci, suka mayar da kwanukansu ƙauyen gaba.

Washegari na yaye buhun da na rufe tsohon injin da shi, na tayar da shi babu ko ƙwayar gero a ciki. Ya yi tarinsa uku, na bar shi kaɗan, na kashe. Kafin hantsi layin kwanuka ya kai bakin hanya.

Ciniki ya dawo, na mayar da shanuna, tarin da hayaƙi ya sa mini ya bar ni. Amma har yau in an tambaye ni ko kula da muhalli yana kawo riba, sai in sosa ƙeya. Sabon ne ke aikin, tsohon ke kiran mutane. Kullum da safe sai na ƙona gas rabin kofi don in sanar da gari cewa na daina ƙona gas.