Tukuna

Shekarun baya, kafin in fara aikin karanta labarai a rediyo, na taɓa rubuta waƙa guda ɗaya. Ita ce ta farko, ita ce ta ƙarshe.

Ina zaune a Nguru, yarinyar da nake nema tana Gashua. Duk lokacin da na tambaye ta ko in turo manya, amsarta ɗaya ce: "Tukuna." Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Sai in hau mota in koma gida ina juya kalmar nan a raina kamar mai gasa kifi.

Da abin ya ishe ni, sai na mayar da shi waƙa. Na tsara ta yadda kowane baiti zai ƙare da tambaya: "In jira ne, ko in kama hanya?" Daga nan sai kiɗa kaɗai, babu murya. Wannan gurbin nata ne. Nufina ta saurara, ta ji wurin da na bar mata, ta cike shi da bakinta.

Abokina yana da ɗan studiyo a bayan kasuwar Nguru, ɗaki guda da aka manna wa kiret ɗin ƙwai a bango. Can na rera, da muryata da ta fi dacewa da sanarwar ɓatan akuya. Da muka gama ya ce, "Malam, wannan ramin fa? 'Yar amshi za mu sa."

Na ce, "Kada ka taɓa shi. Shirun nan shi ne waƙar."

Ya ce, "To, an gama." Na bar masa ya daidaita sauti.

Ranar da na koma Gashua, ina sauka a tasha na ji muryata tana tashi daga rumfar masu tura waƙa a waya. Ban ma ba kowa izinin sakinta ba. Na tsaya. Na ji kaina ina tambaya, "In jira ne, ko in kama hanya?" Sai wata siririyar murya ta mace ta amsa, "Na amince, masoyi, turo manya."

A kowane baiti. Babu gurbi ɗaya da ya bari.

Duk unguwarsu an san ni ne ke zuwa wurinta, don haka kowa ya ɗauka ita ce. Ƙawayenta na yi mata guɗa a hanya. Mahaifiyarta ta tambaye ta yaushe ta fara shiga studiyo da maza. Da na isa gidansu yarinyar ta fito zaure, ko zama ba ta yi ba.

Ta ce, "Ka yi tambaya, ka ba kanka amsa, ka raba wa gari. Me ya rage in faɗa?"

Na rantse mata ba ni na sa ba. Ta ce ta yarda, amma wa zai bi wayoyin Gashua ɗaya bayan ɗaya yana rantsuwa? Sannan ta ce, "Tukuna da nake ce maka ba a'a ba ce. Yayata nake jira a ɗaura mata aure, kada in tsallake ta. Yanzu kuwa in na amince, za a ce da ma ni ce a waƙar. Ka kama hanya."

Ina sauka a tashar Nguru, studiyo na zarce. Abokina yana cin gyaɗa, ya ce, "Haba mutumina, taimakonka na yi! Wa zai sayi waƙar soyayya babu amsa? Har Jakusko ta kai fa." Ban ɗaga murya ba. Na ce ya goge ta a gabana. Ya goge yana dariya, don ya san ta riga ta fita.

Ta yi aure tuntuni, ni ma haka. Abokina muna gaisawa a ɗaurin aure da jana'iza, iyakarta ke nan. Ana cewa in yafe, ai ba da mugun nufi ya yi ba. Na sani. Abin da har yau yake ƙona mini rai shi ne bai taɓa gane abin da ya ɗauka ba. A ganinsa rami ya cike.

Yanzu idan ina hira da baƙo a rediyo ya yi shiru, ko mai kula da sauti zai karye da ɗaga mini hannu, ba na sa masa magana a baki. Jira nake yi.